Wata Bakwai Ina Fama da Yashin Tankin Murjani a Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kiwon murjani, wato halittun nan na teku masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Yau tankina mai cin lita 200 ya cika wata bakwai a falona da ke Agege, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da ya wahalar da ni kamar yashin da ke ƙasansa, wanda da farko na ɗauka ado ne kawai.

Tun ina shirin haɗa tankin wani maƙwabcina ya ba ni shawarar in ɗebo yashi daga bakin teku a Lekki, tunda ba sai na biya ko kwabo ba. Na ƙi, domin yashin gaɓarmu galibinsa silika ne, wato ma'adinin da ake yin gilashi da shi, ga dattin gari da yake kwasowa. Na sayi aragonait, wato kalsiyam kabonet irin wanda murjani mai tauri ke gina jikinsa da shi. Inda na yi kuskure shi ne kaurin da na zuba. Masu wannan harka sukan zaɓi ko dai siririn shimfiɗi na santimita 2 zuwa 5 wanda ake sharewa, ko mai zurfi na santimita 10 zuwa 15 wanda ba a taɓa ƙasansa, ni kuwa na tsaya a 7, na rasa amfanin kowanne.

Ƙura mai ruwan ƙasa da ta rufe yashin a mako na uku ba ta daɗe ba, ta ɓace bayan na daina amfani da ruwan rijiyar burtsatse, na koma ruwan da na'urar RO/DI, mai cire ma'adinai da datti daga ruwa, ta tace.

A wata na biyar ne na ga baƙaƙen tabo a jikin gilashi, can ƙasan yashin. Saboda gaggawa na sa hannu na dama shi gaba ɗaya, nan take warin baragurbin ƙwai ya cika falon, murjani suka tsuke, kifayen suka taso sama suna haki. Abin da ya faru shi ne, a ƙasan yashi inda iskar oksijin ba ta kaiwa, wasu bakteriya suna cin ragowar abinci da kashin kifi suna fitar da iskar haidirojin salfaid, wadda guba ce, ni kuma na sake ta cikin ruwa lokaci guda. Na canza lita 40 a daren, na sa gawayin tace ruwa, Allah ya taimake ni ban yi asarar komai ba.

Daga nan na yanke cewa a Legas siririn yashi ya fi aminci, kuma dalilina shi ne wutar lantarki. Duk lokacin da aka ɗauke wuta famfuna sukan tsaya, amma bakteriyar da ke cikin yashi ba ta daina shan oksijin, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska da yawa. Kafin a tayar da janareta cikin dare, yashi mai datti ya riga ya shiga rabon iska da kifi. Yanzu ina da ƙaramin famfon iska mai batir a gefe.

Cikin mako shida na rage kaurin zuwa santimita 3, ina ɗebe wani kashi a kowane canjin ruwa. Na raba ƙasan tankin gida huɗu, kowace Asabar ina zuƙe kashi ɗaya da tiyo yayin da nake canza lita 20, ina matse tiyon da yatsa don datti ya fita yashi ya koma. Na zuba dodon koɗi shida irin Nassarius, masu nutsewa cikin yashi su fito idan sun ji ƙanshin abinci. Tauraron teku mai tonon yashi kuwa na ƙi sayensa duk da kyansa, domin a ƙaramin tanki yakan cinye ƙananan halittun yashin sannan yunwa ta kashe shi.

Abin da ya rage mini shi ne jar kumfa ta sayanobakteriya a bayan dutsen hagu, inda ruwa ba ya gudu sosai. Jiya na karkata bakin famfo zuwa wajen, ranar Asabar kuma zan auna fosfet, sinadarin da ke ciyar da kumfar, kafin in taɓa yashin wannan kusurwa.