Kuɗin da aka binne a ƙanƙara

A daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ni da babban wana muka jingina waya a jikin buhun riɗi a zauren gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, muka kalli Fargo, fim ɗin da wa da ƙane, Joel da Ethan Coen, suka fitar a 1996. Wanda aka tura mini a shagon caji ba fassararre ba ne, don haka ni ne tafinta.

Sai mutum ya san abin da fim ɗin yake tsokana kafin ya gane dariyarsa. A shekarun 1940 da 1950 Amurka ta yi yayin wasu finafinan laifi waɗanda masu sharhi na Faransa, ciki har da Nino Frank a 1946, suka kira film noir, wato baƙin fim. Alamominsu sanannu ne: dare, lungunan birni, hayaƙin taba, ɗan leƙen asiri mai ɗaurarriyar fuska, da kyakkyawar mace da ke jan namiji zuwa halaka. Fargo ya ɗauki kayan nan ya juye su. Maimakon duhu, farin dusar ƙanƙara ce ta jihar Minesota ta cika ido, har ba a bambance ƙasa da sama, kamar ranar da hazo ya sauko mana a tsakiyar hunturu. Mai binciken kuwa ita ce Marge Gunderson, shugabar 'yan sandan ƙaramin garin Brainerd, mai cikin wata bakwai, mai fara'a da son abinci, wadda mijinta ke tashi da asuba ya soya mata ƙwai kafin ta tafi duba gawa. 'Yar wasa Frances McDormand ta ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, da wannan rawa.

Mai laifin ma ba wani shu'umi ba ne. Jerry Lundegaard mai sayar da motoci ne da matsalar kuɗi ta shaƙe, sai ya ɗauki hayar 'yan ta'adda biyu su sace matarsa domin surukinsa attajiri ya biya fansa. Ya gaya musu dala 80,000 za a karɓa a raba, alhali miliyan ɗaya ya faɗa wa surukin. Da na fassara wannan, wana ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kai, wannan abin dariya ne a wurinsu?"

Tambayar ta yi mini nauyi, domin a arewacin ƙasar nan garkuwa da mutane ba tatsuniya ba ce, kuma kusan kowa ya san gidan da aka sayar da gona ko shanu don haɗa kuɗin fansa. Na ce, "Yaya, ka ɗan yi haƙuri ka ga wanda ake yi wa dariyar." A ganina fim ɗin ya fi sauke nauyinsa ga mazan da kwaɗayi ya mayar wawaye, duk da cewa akwai wurin da aka nuna matar tana gudu da kai a rufe tana faɗuwa, ɗaya daga cikin ɓarayin yana ƙyaƙyatawa, kuma a nan babu wanda ya yi dariya a zaurenmu.

Inda wana ya sake shi ne wurin binne kuɗi. Carl, ɗan ƙaramin ɓarawon mai surutu, ya buɗe jakar kuɗin fansa da raunin harbi a muƙamuƙi, jini na zuba, ya tarar da miliyan guda. Ya ware 80,000, ya tona ƙanƙara a gindin shingen waya ya binne saura, sannan ya duba hagu ya duba dama: shingen iri ɗaya ne har ƙarshen gani. Sai ya kafa ɗan jan makankarin gilashin mota a matsayin shaida. Wana, wanda ya sha rabon faɗa kan iyakar gona, ya yi dariya har da tari, ya ce ko yaro ya san ana neman kuka ko tsamiya a yi alama da ita. Wannan Carl ɗin, da dukiya a binne, shi ne ya koma ya tsaya musu da abokinsa kan wanda zai riƙe mota, har abokin ya sare shi da gatari ya cusa gawar a injin daddatsa itace. Mutum bakwai suka mutu a kan shirin da Jerry ya ɗauka ba za a zubar da jini ba.

Akwai kuma wata tsokana a farkon fim ɗin, inda aka rubuta cewa labarin gaskiya ne da ya faru a 1987, alhali ƙirƙirarsa aka yi. Wana ya yarda da rubutun, kuma ban gyara masa da daren ba. Da safe muna ɗaure wa jaki mangala ya tambaye ni ko an taɓa tono jakar. Na ce fim ɗin bai sake komawa gindin shingen ba, sai ya girgiza kai ya ja jakin muka nufi gona.