Faifan kiɗa na lantarki: abin da makaɗin Zongo zai kula da shi kafin ya fita biki

Daga Nima da Maamobi a Accra zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, makaɗa da yawa yanzu jaka ɗaya suke ɗauka zuwa wajen aure ko suna, a ciki kuwa akwai faifan kiɗa na lantarki, wanda ake kira pad. Kamfanin Roland ne ya fito da irin wannan faifai mai suna Octapad a 1985. Yau akwai SPD-30 mai fuska 8, wato wuraren bugawa na roba, da SPD-SX mai fuska 9 wanda ake zuba masa sautin da mutum ya naɗa da kansa, da DTX-Multi 12 na Yamaha mai fuska 12. Ƙarƙashin kowace roba akwai ɗan faranti mai jin girgiza, shi ke gaya wa na'urar an buga, da kuma ƙarfin bugun.

Abin da ya fi kashe waɗannan na'urori a Ghana wuta ce. Wutarmu 230V ce, don haka idan ɗan'uwa ya aiko maka da faifai daga Amurka, karanta jikin adafta tukuna. In an rubuta 120V kaɗai, kada ka jona. SPD-SX 9V yake sha, kuma tsakiyar kan wayarsa negatif ne, yawancin adaftar da ake sayarwa a kasuwa kuwa akasin haka suke. Ramin zai shiga daidai, amma cikin zai iya ƙonewa. Sannan in aka ɗauke wuta ana shirin tayar da janareta, zare filoginka, sai injin ya daidaita ka mayar. Ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ya isa ya riƙe faifai, don ba ya cin wuta sosai.

Sai matsalar da ke sa makaɗi jin kunya a tsakiyar fili: sauti ya fita ba wanda ya buga. Manyan sifikun biki ne ke girgiza ƙafar da aka ɗaure faifan, farantin ya ɗauka bugu ne. Matsar da ƙafar daga gaban sifikar bes, shimfiɗa tabarmar roba ƙarƙashinta, sannan ka ɗaga threshold, wato saitin ƙarfin da bugu zai kai kafin na'urar ta amsa, kaɗan-kaɗan har ƙaryar ta daina. Kada ka wuce nan, in ba haka ba bugun da ka yi a hankali zai ɓace. In kuma buga fuska ɗaya na tayar da maƙwabciyarta, duba ko maɗaurin ya saki kafin ka taɓa saiti.

Waya ɗaya za ka ba mai mikisa? Sa ta a ramin L/MONO. In wayar ta yi tsawo ko kana jin gurnani a sifika, DI box, wato ɗan akwatin da ake sawa tsakanin faifai da mikisa, shi ne maganinsa.

Batun sauti, ra'ayina shi ne kada ka dogara da gangunan da suka zo a ciki. Nemi mai kalangu ka naɗi bugunsa a ɗaki marar amsa-kuwwa, muryar ƙasa, ta tsakiya da ta sama, kowacce a fayil ɗinta na WAV, 16-bit, 44.1kHz. Yanke shirun da ke gaban kowane bugu, don shi ke sa ka ji kamar sautin na makara. Ƙara dawuro, wato ƙararrawar ƙarfe ta Akan, da gangunan kpanlogo na mutanen Ga saboda bikin da ya haɗa jama'a. Amma lanƙwasar muryar da mai kalangu ke yi in ya matse tsirkiya a hammata, roba ba ta iya ta. Wajen kirari, a bar wa mai kalangu aikinsa, faifai ya riƙe masa gindin kiɗa.

Yi amfani da sandar ganga mai lamba 5A ko 7A, ban da gula mai lanƙwasa, tana cin roba. Lokacin hunturu ƙura na shiga ramukan waya har sauti ya riƙa yankewa, saboda haka a rufe shi da ƙyalle bayan aiki, a goge fuskar da tsumma mai ɗan danshi, ba kananzir ba.