Keken da ya ba ni ƙafa a Kano

Na shigo Kano daga Damagaram ta hanyar Matamaye da Daura, da silifa biyu a tafin hannuwana, domin tun ina ɗan shekara uku shan inna ta riƙe mini ƙafafu, da rarrafe na girma. Harshe bai ba ni wuya ba, ko da yake na daɗe ina cewa zan je likita kafin bakina ya saba da asibiti. Birnin kansa ne ya tsorata ni, saboda duk wanda yake tafiya a ƙasa, tayar a-daidaita-sahu da bakin kwata ne kawai a gaban idonsa.

Kawuna da ya sauke ni a Kurna ya ce al'ada ce baƙo irina ya fara gaishe da Sarkin Guragu. Na tafi ina zaton za a nuna mini inda zan zauna bara, kuma ba na ganin laifin masu yin ta, domin na san yunwar da take kai mutum bakin titi. Amma daga wajensa aka haɗa ni da wata rumfar walda, inda waɗanda cutar ta shafa suke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Maigidan, wanda shi ma a ƙasa yake aiki, ya auna tsawon hannuna da faɗin ƙuguna kafin a lanƙwasa bututu ko ɗaya, sannan aka ɗora feda daidai ƙirjina, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba. Ranar da na hau, na ga fuskokin mutane ba tare da na ɗaga wuya ba.

Ba kyauta aka ba ni ba, da aiki na biya, kuma hakan ya fi mini daɗi. A rumfar na koyi walda, adashen da muke yi duk Juma'a ya kama mini ɗaki, su ne kuma suka raka ni Asibitin Ƙashi na Dala lokacin da bayana ya matsa mini.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce, amma makon jiya sai da na bar kekena a ƙofar wani ofis, na mayar da silifa hannu, na hau matakala da rarrafe.