Karo na huɗu: jan ya fito, kuma laifin na ruwa ne

'Yan'uwa masu koyon rini, jiya da la'asar na tsamo zaren ulu daga tukunya, na ɗaga shi a rana, sai ga ja wur, irin jan da nake nema tun bayan ƙaramar sallah. Na daɗe tsaye da shi a hannu yana ɗiga. Sau uku ina yi yana fitowa shunayya mai duhu kamar makuba, kuma kowane karo sai da na ji zafin asarar har cikin raina, don ƙwaron koshinil, wanda ake samun wannan jan rini daga jikinsa, ba abin wasa ba ne wajen kuɗi. Giram 100 da aka kawo mini daga waje ya ci N38,000 har da kuɗin dako. Karo ukun nan sun cinye giram 45.

Wanda bai taɓa riƙe shi ba, busasshen kamar masoro yake wanda aka barbaɗa wa toka. Sai ka murje ƙwaya ɗaya a jiƙaƙƙen yatsa za ka ga abin da ke ciki. Matan ƙwaron ake kankarowa daga jikin nofal, wani tsiro mai ƙaya da faffaɗan kunnuwa masu kauri, kuma yawancin na kasuwa yau daga Peru yake fitowa. Laba ɗaya tana ɗaukar ƙwaro wajen 70,000, wato ɗan ƙullin nan nawa ya kai ƙwaro 15,000, kowanne da hannu aka kankaro shi. Tun da na yi wannan lissafi na daina zubar da ruwan tukunya sai ya koma fari-fari.

Da farko alif na zarga, wanda ake jiƙa zare a ruwansa don rini ya kama. Na sa giram 12 ga kowane giram 100 na ulu, na ce ko ya yi kaɗan, na kai shi 15 a karo na biyu. Shunayyar dai ce, sai ma zaren ya ɗan yi kaushi. Na koma zargin wuta, na ce ƙila na bari ya tafasa. A karo na uku na zauna bakin murhu da ma'aunin zafi, ban bari ya wuce digiri 85 ba har tsawon awa guda. Na tsamo, shunayya. Ranar na ajiye komai kusan mako biyu ban leƙa ba, har na fara tunanin ko jabu aka sayar mini.

Abin da ya warware mini zancen ƙaramin gwaji ne wanda ya kamata in fara da shi. Na daka ƙwaya goma, na raba garin a kofunan gilashi uku: ɗaya ruwan burtsatsen gidanmu, ɗaya ruwan leda, ɗaya ruwan sama da na tara a roba. Kafin in gama wanke turmi, na burtsatse ya koma shunayya, na leda ya tsaya tsakani, na sama kuwa ja ne tas. Na ɗiga ruwan kanwa a cikin jan, nan take ya bi sahun na burtsatse. Na matsa lemon tsami, ya dawo, har ya zarce zuwa ruwan goro. Ashe sinadarin da ke jikin ƙwaron nan, wanda yake kare kansa da shi daga masu cinsa, yana juyawa ne bisa tsamin ruwa ko kanwarsa, kuma ruwan gidanmu irin mai kashe kumfar sabulu ne, mai barin farin ɓawo a gindin buta. Shekara da shekaru ina rina baba da shi lafiya lau, domin baba ma toka yake so. Sabawar nan ita ta hana ni zargin ruwan.

Akwai mai laifi na biyu, ita ce samirar da nake dafawa a ciki. Fentinta ya ɓare a gindi, wurin bai fi faɗin farce ba, amma tsatsa ta kama. Ƙarfe kaɗan ya isa ya dusashe wannan rini, ya ja shi zuwa toka-toka. Na yi ban kwana da ita, na sayi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, wani kuɗin kuma da ban shirya masa ba.

To, karo na huɗu: ruwan sama tun daga jiƙon alif har ɗauraya. Giram 10 na ƙwaro ga giram 100 na ulu, na daka shi lukui, na jiƙa ya kwana, na dafa na tace sau uku da tsumman atamfa mai laushi na haɗe ruwan. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje suna ƙara wani farin gari mai tsami da ake samu a gangar inabi don jan ya yi haske. Na neme shi a shagunan kayan kek ban samu ba, sai na tuna tsamin da ke cikinsa dangin wanda ke cikin tsamiya ne. Na jiƙa tsamiya, na tace sau biyu har ya yi garau, na riƙa zubawa cokali-cokali ina duba launin a farin faranti. A cokali na biyar na tsaya. Ku yi hattara a nan, don na gwada cokali goma a wani ɗan guntun zare, ya fito kodadde mai ɗan ƙasa-ƙasa.

Da nake kallon zaren a igiya na gane dalilin da ya sa mutane suka haukace a kan wannan ƙwaro. Sarakunan Aztek a Meziko haraji suke karɓa da shi, buhu-buhu, kuma sunansa a harshensu jinin nofal ne. Bayan Sifaniyawa sun ci ƙasar a 1521 suka riƙa lodinsa a jiragen ruwa, har ya zamana in ka cire azurfa babu kayan da ya fi shi kawo musu kuɗi daga can. Jajayen rigunan hafsoshin Ingila da shi ake rinawa, na ƙananan sojoji kuwa da saiwar wani tsiro mai araha, don haka daga nesa launin riga ya faɗa maka matsayin mutum. Rinin kanti da ya fara fitowa daga 1856 shi ya karya kasuwarsa, amma bai mutu ba: in kun ga E120 a jikin ledar alawa ko robar yogot, ko kalmar carmine a jan-baki, shi ne.

Yayata ta tambaye ni ko za a yi sallah da hular da aka saƙa da shi, tunda mushen ƙwaro ne. Tambayar ta tsaya mini, na kai ta wurin malaminmu na Islamiyya. Ya ce a mazhabar Malikiyya mushen abin da ba shi da jini mai gudana ba najasa ba ne. Zancen ci kuwa malamai sun saɓa, ni dai tufa nake rinawa.

Auduga ce yanzu ta ƙi ni. Na jiƙa abawa a ruwan bagaruwa, na bi da alif, na sa ta a ragowar ruwan jiya, ta fito ruwan hoda mai laushi, kyakkyawa amma nesa da jan ulun. Ina zaton tsamiyar da ta taimaki ulu ita ce ta hana auduga sha, don haka gwaji na gaba babu tsamiya, alif kuma sau biyu. Saura mini giram 45, damina kuma ta fara ja da baya, shi ya sa na jera jarkoki shida a ƙarƙashin indararo. Wanda ya taɓa samun ja sosai a kan abawa da wannan ƙwaro, don Allah ya faɗa mini sau nawa ya maimaita bagaruwar kafin alif.