Yaushe ya dace a sake yin tsohon fim?

A ganina, sai in darakta na da abin da na asali bai faɗa ba. Dubi fim ɗin Indiya Don na 1978: uban 'yan daba mai suna Don ya mutu tun farko, aka sa Vijay mai kama da shi a gurbinsa. A 2006 darakta Farhan Akhtar ya sake yin fim ɗin, ya riƙe ƙashin labarin da waƙoƙi biyu, amma ya juya ƙarshen: ashe Don na raye, Vijay ne ya mutu. Ko wanda ya haddace tsohon sai da ya girgiza.

Fim ɗin Amurka Psycho na 1998 kuwa kwafin tsohon na darakta Hitchcock ne kusan hoto bayan hoto, an dai ƙara launi. Kowa ya san kisan da za a yi a banɗaki a fim ɗin, tsoro ya gushe, ko kuɗin da aka kashe bai dawo ba a sinima.