Tayil ɗaya ya kusa fasa mini akwatin kifi

Akwatin gilashin da na haɗa a falona a Gombe tsawonsa santimita 150, faɗi 60, tsayi 60. Lita 540 ke nan, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan ka haɗa da nauyin gilashin, yashi, duwatsu da teburin ƙarfen da mai walda ya ƙera, ka doshi kilo 700. Ƙafa huɗu ne ke ɗauke da wannan kaya, kowace ƙafa kuwa tafinta bai fi kwalin ashana ba.

Daɓen falon ya ɗan gangara wajen ƙofa, yadda magina suka saba yi don ruwan wanki ya samu hanyar fita. Wannan bai ɗaga mini hankali ba. Na aro ma'aunin lebur a wajen wani magini, na auna tsawo, na auna faɗi, na auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai waldar ya ce, "Yallaɓai, ninka kwali kawai ka tura a ƙasa." Na ƙi, don kwali lotsewa yake yi da zarar ya ji nauyi ko laima. Katako ma ban yarda da shi ba, damina ta kumbura shi, hunturu ya tsotse shi, ga gara. Yankakken ƙarfe na sa aka kawo, muka cusa har teburin ya zauna daram.

'Yan garuwa suka cika akwatin da yamma. Bayan sallar isha'i ina zaune na ji wani ƙas daga ƙasa. Na haska fitilar waya: tayil ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar baya ta hagu ya tsage ya nutse. Nutsewar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, amma da na duba saman ruwan sai na ga ya haura a wannan kusurwa, ya sauka a wadda ke fuskantarta. Gabana ya faɗi. Akwatin da ya ɗan karkata gaba ɗaya zuwa gefe guda yana iya jurewa. Wanda kusurwa ɗaya ta zame masa murɗewa yake yi, gilashi kuma ba ya lanƙwasa, duk wahalar tana komawa kan silikon ɗin da ya riƙe gaɓoɓin. Har na fara ganin farin tabo a cikin silikon ɗin wannan kusurwar.

Tiyo muka zura, uwargida da yara suna ta kai-komo da bokiti da baho har tsakar dare. Allah ya taimaka ban zuba kifin ba tukuna.

Da gari ya waye na ɗaga fasasshen tayil ɗin, abin da na gani har yau yana ci mini rai. Wanda ya shimfiɗa shi ɗan siminti ya ɗiga a kusurwoyi ya manna, tsakiyar fayau, babu komai. Mutum ya karɓi kuɗin aiki cif, ya bar rami a ƙarƙashin ƙafar mutane. Na ɗauki makulli na bi sauran ina ƙwanƙwasawa. Mai cikakken siminti sautinsa a toshe yake, mai rami kuwa amsawa yake yi, kuma masu amsawar suna da yawa. Ma'aunin lebur ba zai taɓa nuna maka wannan ba, saman ƙasa kawai yake gani.

Gyaran ya fi teburin kansa cin kuɗi. Na sa aka cire tayil ɗin wurin baki ɗaya, aka zuba kankare aka daidaita shi, na bar shi ya bushe sosai ana yayyafa masa ruwa. Mai walda ya liƙa faffaɗan farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowace ƙafa don nauyin ya bazu. Gaɓar da ta yi tabo kuma sai da aka kankare tsohon silikon aka sake sabo.

Farin soson nan da ake shimfiɗawa tsakanin gilashi da tebur kada ya ruɗe ka, ƙananan tudu kawai yake shanyewa, ba ya gyara karkata. Kuma kada ka cika akwati a tashi ɗaya. A karo na biyu kashi ɗaya cikin uku na zuba, na auna tazarar ruwa da bakin gilashi a kusurwoyi huɗun da rula, na bari ya kwana, sannan na ƙara. Amma kafin ka kira mai walda ma, durƙusa ka ƙwanƙwasa kowane tayil da ƙafar tebur za ta taka.