Tashi, Gudu da Ƙuda: Zamana da Masu Koyon Turanci a Nanjing

Birnin Nanjing, hedkwatar lardin Jiangsu, yana bakin kogin Yangtze, kuma duk wanda ya zo daga arewacin Najeriya yana taƙamar ya san zafi sai ya sake lissafi, domin zafin nan da gumi yake tafe, ba ya barin riga ta bushe a jiki. Sanyin ma ya fi zafin wahalarwa. Tun shekarun 1950 hukumomin ƙasar Sin suka ja layi daga tsaunukan Qinling zuwa kogin Huai, garuruwan da ke arewa da layin ana tura musu ɗumi ta bututu har cikin gidaje, na kudu kuwa kowa ya nemi dabararsa. Nanjing tana kudu da layin, saboda haka a watan Janairu mutum kan zauna cikin ɗakinsa da rigar sanyi da safar hannu.

Na zo a watan Satumba na 2017 domin digiri na biyu a jami'ar nazarin jiragen sama da sararin samaniya ta birnin, bayan na yi karatun gyaran jirgi a Zariya. Abubuwan da na fi fargaba kafin tasowa su ne suka fi saurin warwarewa. Da wuya ka shiga unguwar da babu shagon taliya da naman sa irin na mutanen Lanzhou, mai ɗauke da alamar halal a ƙofa, kuma ana sallar Juma'a a masallacin Jingjue, wanda aka fara ginawa tun farkon daular Ming. Sayayya kuwa waya ce ke yin ta, ko ruwan sha ne sai ka nuna WeChat. Abin da ya ƙi warwarewa shi ne kaɗaici. Ɗaliban ƙasashen waje suna da masaukinsu daban, ana koyar da mu da Turanci, kuma mutum yana iya cinye shekara guda bai san Basine ko ɗaya ba in ban da malaminsa da mai gadin ƙofa.

Abin da ya fitar da ni daga wannan hali wata al'ada ce ta jami'o'in ƙasar da suke kira Yingyu jiao, wato kusurwar Turanci. Ɗalibai kan taru da yamma sau ɗaya a mako, a wani fili ko wani aji da babu kowa, domin su yi ta hira da Turanci. Ba a biyan kowa ko sisi, wanda hakan ya yi mini daidai, tunda takardar zaman ɗalibi ba ta ba shi damar yin aikin kuɗi ba tare da izini ba. A can na tarar da matasa waɗanda suka haddace dubban kalmomi domin jarrabawar gaokao ta shiga jami'a, da kuma jarrabawar Turanci ta mataki na huɗu da ake yi a jami'a. Dogayen kalmomin kimiyya ba sa ba su tsoro, domin kowace ma'anarta ɗaya ce. Ƙananan kalmomin yau da kullum su ne ke ɗaure musu kai, kuma da yake jami'ar ta harkar jirage ce, babu waɗanda muka fi jayayya a kansu kamar "fly" da "flight" da "take off".

Wata ɗaliba mai karatun injiniya ce ta fara kawo ƙarar. Ta miƙo mini wayarta, ta jera jimloli huɗu da ta kwafo, ta ce: "Xuezhang, a aji an koya mana cewa take off shi ne tashin jirgi. To, ga wani ya yi take off na takalmi, wani ya yi na kwana biyu daga aiki, wani kuma kasuwancinsa ne ya yi. Ashe Turawa ba su da isassun kalmomi ne?" Xuezhang ɗin da ta kira ni da shi kamar a ce yaya ne, haka suke kiran wanda ya girme su a makaranta. Ƙorafin nata yana da tushe, domin Sinanci ya raba abin da Turanci ya haɗa. Tashin jirgi qifei ne, cire riga ko takalmi tuo ne, cire tabarau ko hula kuma zhai ne, kalmar da ake amfani da ita wajen tsinkar 'ya'yan itace, neman hutu daga aiki kuwa qingjia ne. Wanda ya taso da wannan rarrabewa dole ya ga kamar Turanci ya yi ƙwauro.

Ni kuwa Bahaushe abin bai zo mini da mamaki ba, domin muna da tashi. Tsuntsu yana tashi, jirgi yana tashi, mai barci yana tashi, kasuwa tana tashi, farashi yana tashi, gobara tana tashi, hankali ma yana tashi, kuma idan aka ce wane a Kano ya tashi babu wanda zai ɗauka fuka-fukai gare shi. Da na zayyana musu wannan suka yi ta dariya, wani ya ce ashe akwai harshen da ya fi Turanci laifi. Amma daga nan ne na samo hanyar da na riƙa bi da su. Babu yaron Hausa da aka taɓa zaunar da shi aka ce masa ga ma'anar tashi ta ɗaya, ga ta biyu, ga ta goma. Yana gane wacce ake nufi ne daga abin da ke kusa da kalmar. A ganina littattafan da ke jera ma'anoni da lamba, ɗalibi ya yi ta bita kamar mai haddar lissafi, su ne suke ƙara wahalar da waɗannan yara.

Sai na ce su duba ko akwai wani abu da aka ambata bayan kalmar "take off". Idan akwai, kamar takalmi ko kwanaki ko wani kaso na farashi, to ana cire shi ne daga inda yake. Idan babu, to mai aikin ne da kansa ya bar wurin: jirgi ya bar ƙasa, ɓarawo ya ranta a na kare, kasuwanci ya bunƙasa. Wannan ta ƙarshe ba ta ba su wuya ba ko kaɗan, domin su ma suna cewa tattalin arziki ya yi qifei, kuma 'ya'yan mutanen da suka ga sauye-sauyen da aka fara a 1978 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan abin da hakan ke nufi.

Kalmar "flight" ta fi ban sha'awa, domin a gaskiya kalmomi biyu ne da suka zama ɗaya a rubutu da furuci. Ɗaya ta fito daga "fly", tashi sama, ɗayar kuma daga "flee", gudun tsira. Shi ya sa ake amfani da ita ga tafiyar jirgi mai lamba da lokaci, wadda Sinawa ke kira hangban, kuma ake amfani da ita ga 'yan gudun hijira da kuma jarin da masu shi suka kwashe daga ƙasa saboda tsoro. Da zarar na faɗi haka sai wani ɗalibin tattalin arziki ya ce ai su ma kalmar tao, wato gudu, suke sa wa irin wannan jari, kuma daga ranar bai sake rikita su ba. Amma jerin matakalar bene daga hawa zuwa hawa, wanda shi ma "flight" ake ce masa, na gaya musu su haddace kawai. Ba kowane abu a harshe ne yake biyan wahalar tono ba.

"Fly" kuwa idan ta zama suna ƙuda ce, kuma ita ce gaban wando inda zif yake, abin da ya sa samarin suka yi ta duban junansu suna ƙunshe dariya. Daga jikin "fly" ta tashi sama aka samo "flyer", sunan takardar talla da ake rabawa a titi, da kuma "flyover", sunan gadar da ke bi ta kan hanya. A nan muka yi wata 'yar haɗuwa, domin gadar masu tafiya a ƙafa da ke tsallake titi tianqiao suke ce mata, ma'anarta gadar sama, daidai da yadda muke faɗa a Kano. Sai kuma matsalar furuci, wadda kowa yake da tasa. Da yawa daga cikinsu suna haɗiye baƙin ƙarshe har "flight" ta koma "fly", wasu kuma suna musanya l da r, mu kuwa Hausawa an san mu da rikita f da p, saboda haka babu wanda yake da bakin yi wa wani dariya.

Ba a banza nake ba su wannan lokaci ba, ko da yake babu wanda ya taɓa kiran abin ciniki. Ɗalibar nan mai karatun injiniya ita ta raka ni banki ta yi mini tafinta, wani kuma ya karanta mini yarjejeniyar haya layi bayan layi lokacin da na bar masaukin ɗalibai, har ya nuna mini inda aka rubuta cewa kuɗin ajiya ba zai dawo ba idan na tashi kafin wa'adi. Su ne kuma suka gyara mini karin sauti huɗu na Sinanci, wanda kunnen Bahaushe yake saurin kamawa tunda namu harshen ma da hawa da sauka yake rarrabe kalmomi. Baƙon da yake da abin bayarwa ba ya jin nauyin tambaya.

Waɗanda na fi daɗewa da su su ne ɗaliban tuƙin jirgi, domin su lamarin ya wuce na jarrabawa. A wurinsu "take off" ba ta da ma'ana sai ɗaya, kuma akwai dalili. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Daga cikin abubuwan da suka haddasa hatsarin akwai maganar da mataimakin matuƙin KLM ya yi ta rediyo, inda ya ce "we are now at take-off", wadda za a iya fahimta da "muna wurin tashi" ko "mun fara tashi". Mai kula da hasumiya, wato mai ba jirage izinin tashi da sauka, ya ɗauka jirgin yana tsaye ne a wurin tashi yana jiran izini, alhali ya riga ya fara gudu, kuma umarnin da ya bayar na a dakata ya haɗu da maganar ɗayan jirgin, bai isa kunnensu sosai ba. Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'ida, ba a furta kalmar a rediyo sai lokacin da ake ba da izinin tashi ko ake soke shi. A duk sauran lokuta "departure" ake cewa.

Ɗaya daga cikinsu, wani dogo ɗan lardin Shandong, ya ce da duk Turanci haka yake, kalma ɗaya ma'ana ɗaya, da tuni ya gama da shi. Na gaya masa cewa hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta yarda da shi ba. Tun 2008 ta wajabta wa matuƙa da masu kula da hasumiya a hanyoyin ƙasa da ƙasa su kai aƙalla mataki na huɗu cikin shida a Turanci, kuma abin da ake aunawa ya haɗa da Turancin yau da kullum, domin jimlolin da aka haddace suna ƙarewa ne da zarar fasinja ya faɗi sumamme ko tsuntsu ya shiga inji. Daga nan muka sauya salon zamanmu. Ni nake zama mai hasumiya, in juya musu baya domin kada su karanci fuskata, in jefo musu matsalar da babu ita a littafi, kamar a ce hayaƙi na fitowa daga ban-ɗaki ko kare ya hau titin jirgi, su kuma su yi mini bayani da kalmomin da suke da su, ba tare da taɓa waya ba.